Gafarar da na ɗauko da ƙafa

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Damina biyu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma har yau in na tuna ranar sai hawaye.

Ƙauyenmu yana kusa da Gwashi, a gindin wani dutse. Waya ba ta kamawa a cikin gari, sai an hau kan dutsen. Ɗanmu na fari yana kudu. Ya tafi ne bayan ya ɗaga wa ubansa murya a kan rabon gona, shekara uku ba su yi magana ba.

Da ciwo ya kwantar da Malam, ranar nan da hantsi ya ce, "Ki nemo mini yaron nan." Maza duk suna gona, shi kuwa ko zama ba ya iyawa. Maƙwabciyata ta danna mini lamba a tsakar gida, shiru. Na ɗaga wayar sama, na kai ta bakin rijiya, na yi ta kwarara mata kira kamar mai kiran wanda ke hayin gulbi. Shiru.

Sai muka hau dutse, ni da ita da gwiwoyina. Can wayar ta shiga. Yaro ya fashe da kuka, ya ce, "Inna, ki ce wa Baba ya yafe mini." Na sauko, na faɗa. Malam ya ce, "Na yafe mishi duniya da lahira. Gaya mishi ya bar taurin kai, ba wajena ya gada ba, na wajenki ne." Har ya yi murmushi. Na sake hawa, ina hutawa a kowane taku goma. Ina can sama ina isar da saƙo, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku ɗan ƙanena, malamin makaranta a Gummi, ya zo gaisuwa. Na tambaye shi abin da ya hana magana shiga gidana. Ya jawo kwaryar ruwa, ya sa tabarya a tsaye a gefe guda, ya jefa tsakuwa a tsakiya. Ruwa ya yi zobe-zobe yana faɗi, yana raguwa. Ya ce, "Gwaggo, haka maganar waya take fitowa daga ƙarfen sabis. Dubi bayan tabarya, ruwa kwance yake. Gidanki ke nan." Ya ce ihun da na yi bai ƙara komai ba, murya daban, abin da ke ɗaukar ta daban.

Sai ya ce, "Ai da kun ɗauki muryarsa a wayar, kun hau da ita."

Na ce, "Wace murya? Waya tana riƙe magana?"

Ya ce tana riƙewa, har wannan 'yar ƙaramar tawa. Ina da ita shekara huɗu, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ɗan namu ya zo bayan sadakar arba'in. Ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, tsakaninki da Allah, Baba ya faɗa, ko dai kin ce ne don hankalina ya kwanta?" Na rantse masa. Maƙwabciyata ba ta shiga ɗakin ba, ba ni da shaida sai Allah. Ya ce to, ya yarda. Amma ko sallar da ta wuce, da muka yi waya, sai da ya sake tambaya ta.