Kakata, Karen Kwalbati da Ƙeyata

Kakata gajera ce, haƙoranta na gaba sun daɗe da yin ritaya, kuma ba ta da haƙuri da mutane ko kaɗan. Duk haƙurin da Allah ya ba ta a kan dabbobi ta ƙarar, mu jikoki sai dai mu kankari ƙanzo.

Ta yi shekaru tana shara a asibitin dabbobi, tun mahaifina yana gara taya a layi. Ita ke wanke keji, ita ke kwashe kashi, ita ke riƙe kan akuya in za a yi mata allura. Ranar da ta ajiye aiki, abokan aikinta suka ba ta agogon bango. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta ce a ƙara mata da magen nan mai ƙafa uku da babu wanda ya zo nema. Agogon bai daɗe ba ya tsaya. Magen kuwa ta cika mana gida, har ta fi Kaka zuriya.

Daga nan abu ya zama aiki. In ka shiga tsakar gidanta yau, za ka ga tsohon firiji kwance babu ƙofa, 'ya'yan mage na barci a ciki. Ga tayoyin mota an cusa musu tsumma. Ga jaki mai ido ɗaya da mai shi ya yar a bakin bola bayan kaya sun cinye masa gadon baya, ga akuyar da aka ciro wa leda daga ciki amma har gobe ba ta tuba ba. Kaka ba ta da ofis, ba ta da allo a ƙofa. Mahaucin layinmu na aiko mata da guntattakin nama, wata likitar dabbobi da suka yi aiki tare tana zuwa ranar hutunta ta duba marasa lafiya don Allah, jama'a kuma sun san in ka ga dabba a wahale, tsohuwa za ka nema.

Ni ma a cikin waɗanda aka yar nake, sai dai ni da ƙafata na kawo kaina. Makaranta na bari a tsakiya, don ni da lissafi mun kasa fahimtar juna. Na koyi ɗinki, na kafa wa wani aljihu a gwiwa. Na koyi aski, ina ba wa mutum labari na yi masa titi a tsakiyar kai. Ranar da Baba ya ce ya gaji, na zuba kayana a leda na nufi gidan Kaka, ina ta shirya jawabi a hanya. Na same ta zaune kan bokiti a kife tana ɗinke wani tsumma. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Akwai abinci a bayana," ta ce.

Shi ke nan. Ba ta tambaye ni komai ba, ni da na zo da amsoshi kala-kala.

Rediyo take kirana. In wasa ya motsa mata ta ce "angona", ni kuma in ce, "Amarya, ina haƙoran?" Ta ce, "Suna can inda takardar gama makarantarka take."

Hanyar aikinta guda ce, kuma ita ce ta fi ƙarfina. Dabbar da ta sha duka, Kaka ba ta bin ta, ba ta kiran ta, ba ta ko kallon ta. Bokitinta take kifewa kusa da inda dabbar ta ɓuya, ta ajiye abinci a bayanta, ta zauna ta ba ta baya, ta yi shiru kamar an dasa ta. Yau haka, gobe haka, har dabbar ta zo da kanta.

"Wanda aka daka, fuska yake tsoro da hannu," in ji ta. "Ƙeya ba ta taɓa jifan kowa ba."

Wata safiya bakaniken da ke bakin titi ya yi sallama. Ya ce wani kare ne ya tare a kwalbatin bayan garejinsa. Ashe tun yana kwikwiyo wani ya ɗaure shi da wayar ƙarfe, ya tsinke ya gudu. Wuya ya yi ta girma, waya ba ta girma, har ta shige cikin nama. Ga wari, ga ƙuda, jiya kuma saura kaɗan ya ciji wani mai mota.

"Inna, don girmanki na zo," in ji bakanike. "Mutane sun fara gudun garejina. In Asabar ta wuce yana nan, guba zan sa masa, ya huta mu huta."

"Kai ma ka sha damun mutane da hayaƙi, ɗan nan, wa ya ba ka guba?"

"Inna, ni dai na faɗa."

Likita ta zo ta duba daga nesa. Ta ce akwai maganin barci da za a sa a nama, in ya kama shi sai a yanke wayar. Amma karen fizgar nama yake ya shige kwalbati, can ciki kuwa akwai ruwa, kuma mutum ba ya iya shiga. In barci ya ɗauke shi a can, nutsewa zai yi. Dole sai ya saba ci a fili, ya kuma zauna a wurin har magani ya kama shi.

Kaka ta ɗauki bokitinta. Kafin tsakiyar mako karen ya fara fitowa ya ci a bayanta, ya ɗan tsaya kafin ya koma. Aiki na tafiya, sai ga tsautsayi: tana tsallake wata jikar mage mai ƙafa uku, ta zame ta faɗi, gwiwa ta kumbura kamar ƙwallo.

Tana kwance kan tabarma ta dubi jakin, ta dubi akuyar, sannan ta dube ni. Ta yi ajiyar zuciya irin ta mai zaɓe a cikin ruɓaɓɓen tumatir.

"Rediyo, ɗauki bokiti."

"Zama ne kawai? Amarya, ai a nan na fi kowa digiri."

"Zama da rufe baki."

"Duka biyun a lokaci ɗaya?"

Na je na zauna. Bango a gefena, kwalbati a bayana, nama a ƙasa. Can na ji ƙarar farce a kan siminti, ƙwas, ƙwas. Bakina ya fara ƙaiƙayi. Na ce a raina, ai ni mutum ne mai farin jini, ko 'yan sanda na taɓa sa su dariya, bare kare. Na juya da murmushi na ce, "Barka da fitowa, ranka ya daɗe!"

Wutsiyarsa kawai na gani.

Da na faɗa wa Kaka, takalminta ta nema, Allah ya taimake ni yana nesa da tabarmar. Washegari wayata ta yi ƙara daidai lokacin da ya leƙo. Da na kashe ta, ƙafata ta ɗauki aiki, ina kaɗa dunduniya a jikin bokiti ban ma sani ba. Ma'aikatan gareji suka samu abin kallo.

"Rediyo, batir ya ƙare ne?"

Mutum mai hankali da ya yi shiru. Ni na rama, har da ƙari.

Ana gobe Asabar na yi wata dabara. Na tsinci fasasshen madubin mota na jingina a gabana, don in ga bayana ba tare da na juya ba. A nan na fara ganin karen sosai. Haƙarƙarinsa a waje kamar haƙoran mataji. Wuyan ya kumbura ya rufe wayar, sai wani ɗan ƙulli da ya fito a ƙarƙashin kunne, yana haɗiyar nama yana runtse ido. Muna haɗa ido a madubin ya koma ciki. Na dawo gida ban ce wa kowa uffan ba, har akuya ta bi ni da kallo.

Ranar Asabar da rana Kaka ta kira ni. Ta turo min kwano cike da shinkafa, mai na ƙyalli, har da nama a sama, irin wanda ko maguna sai da alfarma suke samu.

"Ci, angona."

"Amarya, lafiya? Ko yanka ni za a yi?"

"Wa zai ci namanka? Cinye."

Na cinye, ta ƙaro, na cinye. Ta karɓe wayata ta ƙulle a bakin zani. Aka ɗauke ta a babur zuwa garejin, aka zaunar da ita cikin wata mota marar taya. A kan bencin bakanike na ga ƙullin gubar, bai ma ɓoye ba. Kaka ta sa ya tsayar da buge-bugen ƙarfe, ta ce duk wanda ya yi tari ita da shi.

Likita ta yayyanka naman ƙanana yadda ba zai iya ɗauka ya gudu ba, ta sa maganin, ta zuba a bayan bokitina.

"Ƙanena, ka saurare ni," ta ce. "Da zarar ya ci, in ka motsa zai shige ciki, kuma ba zai fito ba. Ka gane?"

Na ɗaga kai. Karo na farko ke nan da aka yi min tambaya ban amsa da baki ba.

Na zauna na jingina kafaɗa da bango. An daɗe kafin na ji ƙwas, ƙwas. Sai ƙarar tauna. Nan take hancina ya fara ƙaiƙayi. Wani ƙuda ya sauka a kunnena ya fara zagaye kamar mai neman gidan haya. Barkwanci iri-iri suka yi layi a maƙogwarona, waɗanda ban taɓa jin masu daɗinsu ba. Na cusa wuyan rigata a baki na cije. Taunar ta tsaya. Ina jin numfashinsa a bayana, wuyana na son juyawa kamar an sa masa inji. Na runtse ido na ce, ya Allah, ban taɓa gama komai ba, ka bar ni in gama wannan. Ga inuwa, ga iska, ga shinkafa ta zauna daram a ciki...

Abin da na sani kawai, na ji wani abu mai ɗumi a jikin duga-dugaina, da muryar likita a hankali: "Kar ka tashi, da kai ya yi matashi."

Karen ne kwance, ya jingina da bokiti, kansa a kan ƙafata. Likita na durƙushe da filayar bakanike. Ƙas! Ta zare wayar a hankali, ta wanke ciwon, ta naɗe. Bakanike ya karɓi wayar ya juya ta a hannu, ƙaramin zobe ne da ko damtsena ba zai shiga ba. Ya je ya ciro murfin but ɗin wata mota aka ɗora karen a kai, ƙullin gubar kuma ya ce dama na ɓeraye ne.

Na miƙe na gyara riga. "Kun dai ga jarumta. Ko gezau ban yi ba."

"Gezau?" in ji bakanike. "Munsharinka ya fi janaretona ƙara. Karen ma da ya ji, ya san babu abin tsoro a nan."

Likita ta ce, "Shi dai ni na ba shi magani. Kai wa ya ba ka?"

"Ni," in ji Kaka daga cikin mota. "Tun yana goye, in ya ƙoshi ko gobara ba ta tashin sa. Kwano biyu na kashe."

Karen ya warke, sai dai gashi bai sake fitowa a wurin ba, yana yawo da farin zobe a wuya. Yana kwana a taya kusa da jaki. In na fuskance shi sai ya kau da kai, in na juya zan fita sai ya biyo ni. Kaka ta ce a duk jikina ƙeya ce kawai Allah ya sa wa albarka.

Gwiwarta ba ta koma daidai ba, don haka bokitin ya zama nawa. Ita ke karɓar saƙo, ita ke faɗa da masu dukan jaki, ni ke zama. Kwanaki Baba ya zo gaishe ta, ya tambaya ko na kama wata sana'a.

"Ya samu aiki," ta ce. "Zama yake yi."

"Dama shi ya iya," in ji Baba.

"To, ni ya yi min."

Gaskiyar magana, yanzu ina iya yin shirun ido biyu. Makon jiya wata mage da aka watsa wa ruwan zafi ta zo har bayana ta ci, ina jin ta sarai. Amma ban faɗa wa Kaka ba, kar ta soke shinkafar.