Ƙwaron da Ya Ci Sunan Malam Tanko

A unguwar New Bell, in ka ce kana neman Muhammadu Bashir, za a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Malam Tanko mai goro kuwa, ko mai mashin ɗin haya da ya shigo Duwala jiya zai sauke ka a ƙofar shagonsa. Mata huɗu mahaifiyarsa ta haifa kafin shi, shi ya sa aka ce masa Tanko, sunan yanka kuwa ya koma na katin ɗan ƙasa kawai.

Kakansa ne ya taho da ƙafa daga wajen Kano, ta Yola da Tibati, yana bin goro har ya ga teku ya tsaya. Tanko ya gaji sana'ar, bai gaji dukiya ba. Aikinsa riƙon goron mutane ne. Fatake kan sayo daga tsaunukan yamma, su ajiye huhunansu a wurinsa kafin su sami motar arewa. Goro kuma kamar jariri yake, ba a juya masa baya, balle a garin da ruwa ke zuba da safe, zafi ya dafa mutum da rana. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kwance huhu, ya zauna a kan buhu, ya bi goro ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya fitar da wanda sankara ta huda, ya canja ganye, ya ɗaure. Shekara arba'in da wani abu yana wannan. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, amma in aka ce goro ya kwana a wurin Tanko, mai saye ba ya kwance huhu ya duba. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Kuma gaskiya yana da ɗan taƙama. Yakan ce babu ƙwaron goro da bai san shi da iyayensa ba. Matarsa Balkisu takan ce, "Malam, da ka san sunayen jikokinka kamar yadda ka san ƙwari, da mun huta."

A wata damina ya kwance huhu ya ga abin da bai sani ba. Goron bai huje ba, ba sankara ba ce ke nan. Amma a tsagar da ke tsakanin ɓari biyu akwai wani gari-gari mai ruwan toka, in ka zuba masa ido sai ka ga yana motsi. Bayan kwana biyu wurin ya yi baƙi, fumfuna ta biyo baya, goron ya yi laushi. Ya canja ganye, ya gwada toka, ya gwada lemon tsami. Abin bai ko gezau ba. Ya leƙa shagunan maƙwabta ya ga su ma suna da shi, sai dai kowa yana gogewa da gefen riga yana yin shiru. Shi bai iya shiru a kan goro ba.

Sai ya tuna da Hadija, 'yar marigayi Mudi abokinsa na ƙuruciya. A unguwar ta tashi, ta yi karatu har ana ce mata Dakta, tana aikin binciken ƙwarin amfanin gona, yanzu tana zaune a unguwar Makèpè. Ya zuba goro biyar a leda ya hau mashin ya kai mata. Bayan mako guda ta zo da kanta, da ƙananan kwalabe da wani ɗan burushi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yini tana kwashe garin nan kamar mai tara zinariya. Ta ɗora masa madubin ƙara girma a ido. Malam Tanko ya duba, ya ja da baya yana salati. Wata halitta ce mai ƙafa takwas, jiki duk gashi, tana tafiyarta a natse a kan goronsa.

"Dangin kaska ne, Baba," in ji ta. "Shi ke ɗaukar fumfunar daga wannan goro zuwa wancan. Ina jin ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba."

"To, maganinsa fa, 'yata?"

"Sai an san shi tukun. Sai mun ƙirga gashin ƙafafunsa, mun auna bakinsa, mun zana shi, mun gwada shi da 'yan'uwansa na wasu ƙasashe. In ya tabbata sabo ne, a raɗa masa suna."

Ya yi dariya ya ce in za a yi suna a gaya masa ya kawo goro.

Kusan shekara biyu aka yi. Shi dai ya ci gaba da tsinta, yana kwance huhu sau biyu inda dā sau ɗaya yake yi, har bayansa ya soma ciwo. Saboda wannan wahala goron da ke wurinsa ya fi na kowa tsira, fatake suka ƙara yarda da shi.

Ran nan Hadija ta zo tana murmushi, riƙe da takarda a cikin gilashi. Akwai hoton ƙwaron, da rubutun boko cunkus, da tambari a sama. Ta ce aiki ya fito, duniya ta karɓa, kuma ta sa sunansa a ciki don shi ya fara gani. Tana sauri za ta koma wurin aiki, shi kuma murna ta hana shi tambaya. Malam Tanko yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko ko sunansa sai an nuna masa. Ya ɗauka takardar shaida ce, cewa likitoci sun duba goronsa sun yaba. Ya samo ƙusa ya rataye ta a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutane suka taru suna kallo. Cikinsu akwai Zailani, wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Nijeriya ba, mai karatun boko da son a san yana da shi. Ya gyara tabarau ya bi layi da yatsa. Ya karanto wani dogon suna da harshe ya kasa juyawa, a ƙarshensa akwai kalmar "tankoi".

"Baba, ai wannan ba yabo ba ne," in ji shi. "Sunan ƙwaron ke nan. Ga shi an rubuta inda aka samo shi: shagon Malam Tanko, New Bell. Wato ƙwaron ya ci sunanka!"

Aka kwashe da dariya. Zailani ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai, amma kafin la'asar magana ta gama kasuwa. Ba wanda ya tsaya jin cewa abin yana kowane shago. Takarda ta ce a wurin Tanko aka samo shi, har da tambari, wa zai yi musu da tambari? Dā ƙwaron ba shi da suna, kowa yana ɓoye nasa. Yanzu ya samu. Sai ka ji mai saye yana cewa, "Kai, wannan goron tanko ya kama shi." Fatake suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan ya sami mota, wancan ƙaninsa ya buɗe shago, suna kwashe huhunansu ba sa iya haɗa ido da shi.

Ya cire takardar ya tafi Makèpè. Hadija ta ji labari, ta dafe kai.

"Baba, pardon. Wallahi girmamawa ce. A wurinmu babu karramawar da ta fi wannan. Har na guji sa sunanka na yanka, don kada sunan Annabi ya hau kan ƙwaro."

"Kin kyauta da wannan. To yanzu ki goge nawa."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba a gogewa. Dokar aikinsu ce, sunan da aka fara bugawa shi ne sunan, ko ita da ta raɗa ba ta da ikon canja shi. Duk inda aka ga ƙwaron nan a duniya, ko bayan shekara ɗari, da sunan za a kira shi.

"Har bayan na mutu?"

"Har bayan mun mutu duka, Baba."

"Maganin fa?"

"Wannan wani aikin ne daban. Ba a fara ba."

Bai yi mata faɗa ba. Yaya zai yi wa 'yar Mudi faɗa a kan alherin da ta nufa? Wannan ne ma ya fi ci masa rai, babu wanda zai kama ya ce kai ka cuce ni. Ta zo kasuwa da kanta ta yi bayani da Hausa da Faransanci, aka saurare ta da ladabi, aka ce Allah ya saka. Tana juya baya aka ci gaba da cewa tanko. Balkisu ta ce ya koma amsa Malam Bashir. Ya gwada mako biyu, aka riƙa kiransa ba ya waiwayawa.

Yanzu shagon babu huhun kowa. Yakan saro ƙwarya ɗaya ko biyu, ya jera a faranti a bakin ƙofa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Har yau yana tsinta kamar dā, hannun bai manta ba.

Kwanan baya wata baƙuwa da ta zo biki daga Ngaoundéré ta tsaya a gabansa. Ba ta san shi ba. Ta zaɓi wata goriya fara, ta jujjuya ta, ta ce, "Baba, a can an ce mu yi hattara da goron Duwala. Wannan ba shi da tanko, ko?"

Ashe har sunan ya hau jirgin ƙasa ya kai arewa. Ya karɓi goriyar, ya kai ta kusa da ido, ya bi tsagar da farce. Ga gari-garin nan, kaɗan ne, amma yana motsi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye ta gefe.

"Zaɓi wani, Hajiya," ya ce. "Wannan akwai tanko a ciki."