Abin da Ya Fito Daga Cikin Tayar Baba

Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya katse mana wasan gala-gala a tsakar gida, ya ce mu shiga mota. Ya miƙa wa kowa kofin silba cike da ruwa, ya zaunar da yayana Nura a gaba, ni da ƙanwata Safiya a baya, kowa a jikin ƙofa. A dabararsa, wanda ruwansa ya fi zuba, to tayar da ke ƙarƙashinsa ce mai laifi. A cikin garin Suleja lafiya lau muka tafi. Muna hawa babban titin Kaduna, Baba ya taka ta, sai motar ta kama kyarma kamar mai zazzaɓi, haƙorana suna haɗuwa. Kafin mu kai Diko na amayar da kunun safe a cinyar Safiya, ita ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba ta rama. Baba bai ko waiwayo ba, cewa kawai yake yi, "Ku riƙe kofin da kyau!" Muka dawo a jiƙe muna tsami, kofunan duk babu ko ɗigo.

Wannan tsohuwar mota 'yar Kwatano ita ke ciyar da gidanmu. Ƙanen Baba, Baffa Sule, shi ke tuƙa ta, ya kwashi ma'aikata zuwa Abuja da safe, ya dawo da su da yamma. Da yake sunan kakarmu aka sa mini, Uwata yake kirana, kuma ba ya shigowa hannu rabbana, ko rake ne sai ya riƙo. Ranar Lahadi mu jido masa ruwa daga rijiya ya wanke mota, ya bar mu mu danna hon har sai Umma ta leƙo ta yi faɗa. Da kyarmar ta fara, fasinjojinsa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Babu bakaniken da Baba bai je wa ba a Gauraka. Wannan ya ce shokoziba, wancan ya ce ƙafar mota, aka canza, aka ɗaure, mota tana nan tana rawarta. Sai wani ya ce ai da gani an faɗa rami da gudu, wani ƙarfe ya lanƙwashe a ƙasa. Baba ya riƙe wannan magana gam.

Ina tsintar shinkafa a bakin madafi ranar da Baba ya karɓe mukullin motar daga hannun Baffa. "Yaya, wallahi ban faɗa rami ba," in ji Baffa. Baba ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza," ya sa mukulli a aljihu, ya ƙara da cewa maƙaryaci ba ya kwana a gidansa. Kafin la'asar Baffa ya ɗaure kayansa. Muka ji ya bi wata tirela daga Diko zuwa kudu, ɗakinsa kuma aka mayar da shi wurin ajiyar masara.

Bayan 'yan makonni na raka Baba kasuwar Sabon Wuse sayen doya, a hanyar dawowa ƙusa ta huda tayar baya. Mai faci yana ɓalle ta daga jikin ƙarfenta, wani wari ya buge mu, irin na kwatar da ta shekara ba a yashe ba. Ya kifa tayar, wani curi ya faɗo tim, ya kai girman kan jariri, toka-toka, yana yauƙi, baƙin ruwa yana bin sa. Ƙudaje suka taru nan take, mai sayar da awara a gefe ta ɗauke farantinta tana tofar da yawu. Mai facin ya toshe hanci da rigarsa ya ce, "Kai, oga! Who put garri for tyre? Ai dole mota ta yi rawa!" Baba ya ce, "Haka na sayo ta."

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Tun kafin azumi tayar ke sace iska, wani abokin Baba na majalisa ya ce masa garin kwaki yana toshe huji. A zaure ya dama shi ruwa-ruwa, ya cire bawul ɗin tayar ya ɗura shi ciki, ni ce ma ya sa na riƙe masa mazurari. Ya sani, ya kuma san na sani. Da aka wanke tayar aka mayar, muka hau titi, ya taka ta iya takawa, ko motsi sitiyarin bai yi ba. Na yi ta jira ya aika a nemo Baffa, shiru. Da na gaya wa Umma, ta ce, "Laifi tudu ne," sannan ta ce in kama bakina. Na daɗe ina ƙyamar zama kusa da Baba in yana cin abinci.

Yanzu ni ma kullum ina kan wannan titi zuwa aiki. In sitiyari ya fara rawa, a ɗora taya kan na'ura ta juya ta, kafin ka gama amsa waya an gano matsalar, ba a korar kowa. Baffa kuwa bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Baba, ya zo da furfura, da 'ya'yan da ba su san sunayenmu ba. Bayan an watse ya kira ni gefe ya ce, "Uwata, har yau ina tunanin wane rami ne na faɗa ban sani ba." Na gaya masa komai. Sai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Shi a take ya yafe, ni har yanzu koyo nake yi.