Ranar da Tsinke Ya Faɗa wa Malam Isiyaku

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis a 1974 ba. Ina ɗalibar makarantar horon malamai, an turo ni gwajin koyarwa a wata firamare a Gaya. Al'adar makarantar ita ce malamai biyu su yi muhawara a gaban yara. Ba ka zaɓar ɓangare. Hedimasta ne ke riƙe tsinkayen tsintsiya, wanda ya zari gajere shi ke kare wanda ake zargi.

Batun ranar: ko Amurka na da laifi a zaluncin shugabannin da take ɗaure wa gindi don gabarta da Rasha. Gajeren tsinke ya faɗa wa Malam Isiyaku, dogon ya faɗo mini.

Malam Isiyaku baƙo ne. Ya gudo daga wata ƙasa da Amurka ke ɗaure wa shugabanta gindi, inda sojojin shugaban suka tafi da ƙanensa, ba a sake ganinsa ba. Ya ce wa Hedimasta a hankali, "Ranka ya daɗe, a musanya mana."

"Malam, Sufeton makarantu na zaune. Yau zai rubuta ko a tabbatar da kai. In ya ji ƙanshin siyasa, babu aiki, babu takardar zama."

Ni na fara. Na ce wanda ya ba azzalumi bindiga ya san abin da za a yi da ita. Muryata ko layin gaba ba ta wuce ba. Wani yaro ya ce, "Malama, ɗaga murya!" aka yi dariya.

Malam Isiyaku ya miƙe. Ya ce Amurka ba ta harbi kowa ba, ɗan ƙasa ne ya ja kunamar bindiga. Ya ce da Rasha ta shigo, da abin ya fi muni. Ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ina kallon hannunsa a baya yana kakkarya tsinken nan har ya zama gari. Yara suka yi tafi, Sufeto ya ce madalla.

Na same shi a bayan aji yana kurkure baki da buta.

"Malam, ka yi haƙuri, ban iya ba."

"Ƙanwata, ko kin iya, wa zai ji? Abin da na faɗa shi jakadan Amurka ya faɗa wa mahaifiyata."

An tabbatar da shi. Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani muna ba da maki ne don murya da tsayuwa. Shekarun da na yi ina koyarwa, ban ga inda ake ba da na gaskiya ba.