Ranar da na tarwatsa 'yan talla a Wuse

Daraktan fim ɗin da nake neman shiga ya ce kada in zo masa da surutu, in turo masa bidiyo na minti uku wanda ya haɗa guntayen wasan da na taɓa yi, kafin magaribar Juma'a. To ni me na taɓa yi? A fim ɗaya na fito mai gadi, na buɗe get na rufe. A wani kuma ina cikin masu ɗaukar gawa, kafaɗata kawai aka gani. Rawar da nake nema ta mugun jami'i ce, kuma ba a taɓa ganina ina ko ɗaure fuska ba.

Sai na ce bari in shirya nawa. Na ari riga mai ƙyalli irin ta masu korar 'yan talla, na samo baƙar hula da takalmin sojan gwanjo. Maƙwabcina a Durumi, mai sayar da caja a bakin titi, ya yarda in kama shi da wasa. Abokina mai gyaran waya zai ɗauka. Shi ya kawo shawarar mu yi a gefen kasuwar Wuse, ya ɓuya bayan wata tasi don abin ya fito kamar gaske. Har yau ina jin haushin yadda na yaba wa wannan shawara.

Bayan an sauko daga masallaci titin ya cika. Na gyara hula, na tsallako da sauri, na damƙi wuyan rigar maƙwabcina, na daka tsawa da iya ƙarfina.

Ban gama rufe baki ba layin ya watse. Masu lemo, masu dabino, masu gilashin ido, kowa ya suri abin da ya iya ya ranta a na kare. Baro ya kife, lemo ya bazu ƙarƙashin motoci. Na tsaya riƙe da kwalar mutum, ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Ba su yi nisa ba suka lura babu motar kwasar kaya, ni kaɗai ne. Suka fara dawowa a hankali, suka kewaye mu. Wani ya ce ai irinmu ne masu sa riga suna tatsar talakawa. Maƙwabcina yana ta rantsuwa cewa fim ne, babu mai sauraronsa. A gabansu akwai wani dattijo mai rake, gwiwarsa na jini, wuƙar ferayarsa a hannu. Bai ɗaga ta ba, amma idona bai bar kanta ba.

Abokina ya fito yana ɗaga waya, ya kunna musu. Na ɗauka zai huce su, ashe nan ne abin ya ƙara ɓaci, don kowa ya ga fuskarsa a ciki.

"Ɗan nan," in ji dattijon, "an taɓa kwashe min baro a nan, da kyar na tayar da wani. Idan wannan ya shiga duniya suka gane ni, kai za ka ciyar min da iyali?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri."

Ya ce haƙuri na nan, amma a goge. A gabansu abokina ya goge. Na cire rigar, muka durƙusa muka tsince lemon da bai fashe ba, sannan suka buɗe mana hanya.

Muka shiga tasi. Abokina ya zungure ni yana murmushi, ya ce ai bidiyon na nan a kwandon sharar waya, ya dawo da shi. Muka haɗa kai muka kalla. Wallahi ban taɓa yin wasa mai kyau irin wannan ba. Ni kaina na tsorata da mutumin da ke cikin rigar. Na san in daraktan ya gani, an gama.

Sai dai abin da ya ba wasan ƙarfi shi ne dattijon. Yana tsakiyar hoton, fuskarsa tar, yana waiwaye yana gudu da ƙafa ɗaya babu takalmi, har ya faɗi. Muka gwada yanke shi, abin ya koma wani mahaukaci yana ihu shi kaɗai. Abokina ya ce darakta ne kawai zai gani. Ni kuwa na san yadda bidiyo ke yawo a garin nan, daga waya ɗaya sai dubu.

Rana ta yi ja lokacin da muka sauka a Durumi. Na karɓi wayar, na goge shi, na shiga kwandon na sake gogewa. Abokina ya karɓe wayarsa ya juya min baya. Ana kiran salla na tura wa daraktan abin da nake da shi, ni ina buɗe get ina rufewa, sai kafaɗata a ƙarƙashin makara.