Takardar da Ke Manne Jikin Ordinatar

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu a kasuwar Filinge, ba zan manta da wata safiyar Alhamis ba, a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Har yau in na tuna ta sai na yi a'uziyya kafin zuciyata ta kwanta.

Ni karatun allo na yi, da ajami nake rubutuna. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakkol ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, ya ishe ni buga wasiƙa da takardar koke. Jarina ordinatar ɗaya ne, wato kwamfuta, da wata tsohuwar amfirimant, na'urar da ke fitar da rubutu kan takarda. Tana ƙugi kamar injin niƙa, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Ranar da na saye ta a Yamai, mai shagon ya ja mini kunne: kada in yarda a yi wa ordinatar babbar mizajur, wato a sabunta mata tsari, don sabon tsarin bai san wannan tsohuwa ba. Na rubuta gargaɗin da ajami, na manna jikin ordinatar.

Ran Laraba wani dattijon Bafillace ya zo mini daga rugagen Kurfai. Shanunsa bakwai sun shiga gonar gero, an kai su furiyar, inda hukuma ke tsare dabbobi. Sun sasanta da mai gonar, amma an ce sai an kawo takardar sasancin bugaggiya, da sa hannun kowa, kafin azahar ɗin Alhamis. In ba haka ba, ran Lahadi a yi gwanjonsu a Baleyara. Yana faɗi ina ɗauka da ajami, na juya shi Faransanci, ina gamawa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na ce wa dattijon ya dawo da safe, aikin minti ɗaya ne.

A ranar ɗan kawuna ya sauka daga Yamai. Taubashina ne, ma'aikacin ofis, tun muna yara muke zagin juna. Da kuran ya dawo bayan la'asar, ya karɓi makullin rumfa wai zai aika saƙo. Na ba shi. Wa zai hana taubashi makulli?

Da safe na same shi zaune a kujerata yana murmushi.

"Bawana, zo ka gode wa ubangidanka," in ji shi. "Na fid da kai daga jahiliyya. Na yi maka mizajur, kyauta."

Na dubi allon ordinatar, ban gane gidana ba. Na buɗe takardar dattijo na danna bugu. Shiru. Na sake dannawa. Amfirimant na kallona da koren idonta kamar ba ta taɓa sanina ba. Na kashe na kunna. Na zare waya na sauya mata rami. Na cire kartush ɗin tawada na girgiza na mayar. Na ɗauko faifan da aka sayar mini da ita daga cikin gafakata, na saka, sabon tsarin ya ce bai yarda da shi ba. Ga dattijo ya iso, ya jingine sandarsa ya tsuguna bakin ƙofa.

Na nuna wa taubashina takardar da ke manne. "Wagga ba ka gane ta ba?"

"Na gane ta mana. Ba addu'ar tsari ba ce? Ni ko taɓa ta ban yi ba, ba ni da alwala."

Jama'a, a nan ne na ji fushi ya taso mini. Mutum ya yi shekara da shekaru a lakkol, ya san hanyar cikin ordinatar kamar hanyar gidansu, amma harshen uwarsa da aka rubuta gabansa ya ɗauka laya ce! Ya girmama takarda, ya tattake abin da ta ce. Na karanta masa baƙi bayan baƙi.

Ya yi dariya, ya ce, "To bawana, laifin wa? Wa ya aike ka ajiye motar kakanni?"

Al'ada ta ce ba a fushi da taubashi. Ranar na karya ta. Na ce, "Yau babu wasa tsakanina da kai. Ka shiga dukiyar mutum ba sallama, ka kira shi alheri. Dubi bakin ƙofa ka ga wanda ka yanka." Na ƙara da wasu maganganun da har yau nake istigfari a kansu.

Dattijo ya ɗaga kai. "Malam, ni ban san mi kuke hwaɗi ba. Amma biyu cikin shanun nan ba nawa ba ne, amana ce aka ba ni in kiwata. In an saishe su, da wane ido zan dubi mai su?"

Dariyar taubashina ta ɗauke. Muka aika ɗayar rumfar buga takardu, aka ce mai ita ya tafi ta'aziyya Bonkuku. Rana na hawa. Na kira mai shagon Yamai, sai a kira na huɗu ya ɗauka. Ya ce tunda mizajur ɗin ba ta kwana biyu ba, akwai hanyar mayar da ordinatar tsohon tsarinta, sai dai tana ɗaukar lokaci, kuma in kuran ya ɗauke tsakiyar aiki, sai Allah. Yana faɗin wuraren dannawa, taubashina na dannawa, ba ya ko ɗaga ido.

Da aikin ya kama, taubashina ya miƙe ya ari babur, ya tafi ɗauko mai gona da wakilin mai gari don su sa hannu nan take. Ni kuwa na zauna ina jan carbi, ido ɗaya kan allo, ɗaya kan ƙwan lantarki. Ban taɓa roƙon Allah a kan kuran kamar ranar ba, kuma ban taɓa jan carbi da zuciya mai tafasa haka ba.

Inuwa ta kusa shiga ƙarƙashin ƙafa sa'ad da tsohon allona ya dawo. Na yi bisimilla na danna. Tsohuwa ta yi tari, ta yi ƙugi, ta jawo takarda. Aka sa hannu, dattijo ya dangwala yatsa, taubashina ya goya shi a babur. Ladan na gyaran murya suka shiga ofishin furiyar. Da yamma shanu bakwai suka bi ta bakin kasuwa, dattijo ya ɗaga mini sanda daga nesa.

Sai da na yi wata guda ban amsa wa taubashina wasa ba. Amma da fushin ya lafa na ga nawa rabon laifin: na rubuta gargaɗi da rubutun da ni kaɗai nake karantawa a rumfar. Yanzu takardu uku ne manne jikin ordinatar, ajami da boko da Faransanci. Abin da ranar ta koya mini shi ne, alherin da ba a nemi izinin mai abu ba ɓarna ce da ta sa rigar kirki. Kuma rubutu, kowane iri ne, girmama shi shi ne a tambayi abin da ya ce.