Dutsen Guga Marar Noti

Jiya dutsen gugana ya mutu, ga kayan mutane jibge suna jirana. Na juya shi, babu noti ko ɗaya, a manne yake. Na maka shi da ƙasa, na tuna Baba mai gyara na Kolere.

Tun yana saurayi yake kwance kayan kamfanin da ya ƙera dutsen nan. Da hanci yake gano wayar da ta ƙone. Ranar da na fara kai masa sabon samfurinsu, ya juya, ya shinshina, ya ajiye sukudireba.

"Ɗana, iyayen masu kamfanin nan sun ƙera don a gyara. Waɗannan so suke ka jefar."

Aiki ya yi ta janyewa, ya rufe shago, ya rasu a zaune ba sana'a.

Allah ya jiƙan Baba. Su kuwa, Allah ya isa.